Shan Iskar La'asar

Ni mace ce mai faɗa, ba na ɓoyewa. Tun ina amarya Baban yara ya laƙaba mini suna Rediyo, wai idan aka kunna ni ba mai iya kashewa sai na gama labarai. Na yi masa faɗa a kan takalmin da yake shigo mini da shi har ɗaki, na yi masa a kan fentin da ba ya fita daga faratansa, na yi masa a kan kofin shayin da yake ajiyewa duk inda hannunsa ya sauka. Shi kuwa sai ya zauna yana gyaɗa kai, gobe ya maimaita. Haka muka tsufa, kuma ban ga wani aibu a zaman ba.

Sai asma ta zo ta ƙwace mini makamina. Da farko tari ne, daga baya ƙirjin ya riƙa kukan usur. Idan na ɗauko faɗa, kafin in kai rabi numfashi ya yanke, sai in tsaya ina nuna shi da yatsa ina haki, shi kuma ya ruga ɗauko mini abin shaƙa. Gidan ya yi tsit. Yakan ce batirin Rediyo ne ya yi sanyi, ya yi dariya, amma dariyar ba ta kaiwa ciki.

Likita ya rubuta magunguna, ya kuma ce in riƙa samun iska mai kyau. Baban yara mai fentin mota ne, garejinsa yana ƙarshen layinmu, tsakanin mai walda da mai faci. Mutum ne da idan aka ce masa a yi abu sau biyu, sai ya yi sau huɗu don ya fi kamawa, kamar yadda yake yi wa mota shafe. Tun daga ranar ya ɗauki shan iskata ya mayar da ita aikinsa. Kullum da la'asar zai rufe gareji, ya goge kujerar babur da gefen rigarsa, ya ɗauke ni zuwa wani tudu a gefen gari. Wurin babu gida, babu mota, babu ko hayaƙin murhu, sama tas. Zai shimfiɗa mini tabarma ya tsaya a kaina yana cewa in shaƙa sosai, wannan ita ce iska, ba irin ta cikin gari ba.

Ina shaƙa, ƙirjina yana zafi kamar na haɗiyi barkono. Idan muka dawo na kwana ina tari, sai ya ce ba ta ishe ni ba ne, gobe sai mu ƙara daɗewa. Ni ma haka na ɗauka. Wa zai zargi iskar da ko ƙura babu a cikinta?

Da zafi ya shigo, abin ya kai ana kwantar da ni a asibiti. Yayata, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu, ta zo daga garinsu mai nisa, ta dube ni ta dubi mijina, ta yanke hukunci. Wai garin nan ba zai bar ni da rai ba, ta share mini ɗaki a gidanta. Likita bai musa ba, ya ce idan zafin baɗi ya zo mini kamar na bana, gara in tafi. Yaya da kanta ta sauko da akwatina daga kan kabad ta ajiye a bayan ƙofa don kada a manta. Baban yara ba zai iya bina ba, duk abincinsa a garejin nan yake. Ni kuma ban taɓa tunanin zan ƙare rayuwata a ɗakin baƙi ba, ina jiran ya zo gaishe ni kamar suruki. Duk wucewar da zan yi sai na harari akwatin nan.

A daidai wannan lokacin ne gwamnatin yankinmu ta kafa hukumar kula da tsaftar iska. Ma'aikatanta suka zo da koren riguna, suka kafa wani ƙarfe mai akwati a kai kusa da rumfar mai faci, wai awon iska yake yi. Aka fara tare tsofaffin motocin haya ana duba salansarsu. Sannan aka kawo dokar da ta tsaya wa Baban yara a maƙogwaro: duk ranar da aka ɗaga jar tuta a bakin layi, ba a fesa fenti a fili tun daga hantsi har rana ta yi sanyi.

Ya ce waɗannan mutane ba su taɓa riƙe bindigar feshi ba, fenti ai rana yake so. Shi ne kuma ya raɗa musu suna. Ya tambayi mai walda, idan masu aikin wuta 'yan wuta ne, masu aikin ruwa 'yan ruwa, to masu aikin iska fa? Layin gareji ya ɗauki dariya, kafin mako ya zagayo kowa 'yan iska yake ce musu. Idan sanarwar hukumar ta zo a rediyon gida, kafin mai magana ya gama sallama ya murɗe. Amma dokar kam yana bi, don ba ya son a rufe masa wuri. Sai ma ya samo wa abin amfani. Tunda an hana shi aiki, ranar jar tuta ta zama ranar da muke tafiya tudu da wuri, tun azahar, mu daɗe.

Wata ranar jar tuta muka biya ta gareji zai ɗauki tabarma. Na sauka na zauna a benci ina mayar da numfashi. Sai ga ɗaya daga cikin masu koren rigunan tana zagaye, yarinya siririya mai tabarau, ba za ta wuce sa'ar autarmu ba. Ta gaishe shi, ya amsa a daƙile. Ta leƙa ta ga injin feshi a kashe, ta yi masa godiya, har ta juya sai ta ji kukan ƙirjina. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambaya ko asibiti za mu.

Baban yara ya ce tunda sun hana shi neman abinci, zai kai matarsa shan iska, ko ita ma sai da izininsu? Ta tambayi ina. Da ya faɗa mata, sai na ga ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Baba, tudun nan? A wannan rana?"

Ya ce mata ai nan ne iska mai kyau take, ta je ta gani da idonta, ko ɗigon hayaƙi babu.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce abin da suke yaƙi da shi ba hayaƙin da ido ke gani kaɗai ba ne. Akwai wani abu, ozon sunansa, ba ya fitowa daga salansa kai tsaye, dafa shi ake yi. Hayaƙin motoci da tururin fenti da na fetur su ne kayan haɗin, rana ce wutar. Idan sama ta yi tas, zafi ya yi zafi, nan ne yake nuna sosai, daga azahar zuwa la'asar, iska kuma ta kwashe shi daga cikin gari ta kai gefe. Ta ce suna da ma'auni a kan tudun, kuma sau da yawa shi ne yake fin na ko'ina hawa da yamma. Mai lafiya zai ji ɗan kaikayi a maƙogwaro ya wuce, mai asma kuwa ƙona masa hanyar numfashi yake yi.

"Jar tutar nan ba don masu fenti kaɗai ake ɗaga ta ba, Baba," in ji ta. "Don irin su Mama ne, su zauna a ɗaki har rana ta faɗi. Kullum muna faɗa a rediyo."

Na jira ya yi musu, don ban taɓa ganin wanda ya kayar da shi a maganar fenti ba. Sai ya tsaya riƙe da tabarmar, yana kallon faratansa. Can ya tambaye ta, a hankali, yaushe ne mutum zai sha iska. Ta ce da sassafe, kafin rana ta hau, lokacin abin bai dahu ba. Ta ƙara da cewa mu gaya wa likita duk wannan, kada mu bar magani.

Ranar a gida muka wuni, taga a rufe. Ya zauna a bakin gado ya kasa kallona. A duk zamanmu ban taɓa samun abin faɗa mai girman wannan ba, ga shi an miƙo mini a faranti, amma ko da ina da numfashin ba na jin zan taɓa shi.

"Ni na riƙa kai ki," ya ce. "Da hannuna."

Na ce masa ai ba ɗaure ni ya yi a babur ɗin ba, ya tashi ya dafa mini shayi. Ya tashi, ya daɗe a kicin fiye da yadda shayi ke buƙata.

Daga nan shan iskarmu ta koma bayan asuba. Ba babur, ba tudu, a ƙafa muke zagaya layinmu, yana riƙe da abin shaƙata a aljihu. Lokacin shaguna duk a rufe, mai faci bai fito ba, sai kyanwoyi a kan motocin da ke jiran gyara. Rediyon gida kuwa ya samu 'yanci, shi da kansa yake ƙara murya idan sanarwa ta zo, ya hana kowa motsi. Da hukumar ta gina wa masu fenti wani rufaffen ɗakin feshi mai matatar iska, aka ce su riƙa shiga bi da bi, shi ne ya fara tura mota ciki, alhali a baya ya rantse ba zai yi aiki a keji ba. Sabon fentin da ake tsinkawa da ruwa, wanda yake kira ruwan alli, ya zauna ya koyi hannunsa. Ya ɓata ƙofar mota fiye da ɗaya kafin ya gane, ya yi ta mita, amma bai koma wa tsohon ba.

Yarinyar takan biyo ta gaishe ni idan zagaye ya kawo ta layinmu. Wata rana Baban yara ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce akwai wani suna da wasu marasa kunya suke kiran ma'aikatansu da shi. Ta yi dariya har da dafa bango, ta ce ai sunan ya kai ofishinsu tuntuni, har mahaifinta ma da shi yake tsokanarta. Ba ta tambayi wanda ya raɗa ba, shi ma bai faɗa ba, amma tun ranar duk wanda ya furta shi a layin gareji sai ya ji babu daɗi.

Ban warke ba, kada in yi ƙarya. Asma tana nan, magani yana nan. Amma zafin shekarar da ta biyo ya shigo, motoci masu baƙin hayaƙi sun ragu a titi, jar tuta ba ta hawa kamar da, ranar da ta hau kuma ina ɗaki. Ban kwana asibiti ko sau ɗaya ba.

Yaya dai ba ta yarda da labarin waya ba. Ta zo da kanta a tsakiyar zafi, da mota da direba, ta ce ba ta san wani ozon ba, alkawarin tafiyata da aka yi bara ta sani. Ta buɗe akwatin ta fara ninke mini zannuwa. Na ce mata na samu sauƙi, ta ce haka na faɗa bara. Ina zaune ina kallon kayana suna shiga ɗaya bayan ɗaya, na rasa abin da zan nuna mata ta yarda.

Sai ga Baban yara ya shigo. Da takalminsa, na gareji, a kan daɓen da na goge da safe. Hannunsa duk fenti, riƙe da kofin shayi. Ya gaishe da Yaya, ya waiga ya nemi wuri, ya ɗora kofin a cikin akwatin, a kan farin mayafina.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fara daga takalmin, na gangaro kan faratan, na hau kan kofin. Na tuna masa labulen da ya ɓata shekarar da aka haifi babban ɗanmu, da bokitin wankana da ya kwaɓa fenti a ciki, da ƙanensa da ya ari dutsen guga bai dawo da shi ba har yau. Na tambaye shi ko a gareji aka haife shi. Na ce gaban Yaya ma ba zai rufa mini asiri ba. Na kai ƙarshe, na ɗora da wani sabo, shi ma na kai shi ƙarshe.

Da na yi shiru sai na ji ɗakin ya yi tsit. Yaya ta saki zanen da ke hannunta tana kallona. Ƙirjina yana hawa yana sauka, amma babu usur, kuma ba wanda ya ruga ɗauko abin shaƙa. Baban yara yana tsaye a inda yake, hawaye na bin gemunsa, bakinsa a washe. Sai a lokacin na lura kofin babu komai a ciki.

"Ci gaba, Rediyo," ya ce. "Ba ki yi maganar babur ba."

Yaya ta cire kofin ta miƙa masa, ta juye zannuwan a kan gado. Ta ce ya cire takalmin nan tukuna, sannan ya zo ya mayar mata da akwatin kan kabad, ita bayanta ba ya son ɗaga abu.

Yarinyar mai tabarau an mayar da ita wani yanki, ban samu na yi mata sallama ba. Har yau idan muka fito da sassafe muka wuce ƙarfen awon nan na kusa da rumfar mai faci, sai na sa mata albarka, ita da iyayenta da duk wanda ya turo ta layinmu. Baban yara ya ce amin, sannan ya taka wani abin da zai shigo mini da shi ɗaki.