Gemun Mai Gyaran Famfo

Ranar da matar mai gyaran famfo ta yanke shawarar daina miƙar da gashinta, ta bar shi da murɗinsa yadda Allah ya yi shi, sai ta kira ƙanwarta Auta, wadda ke da shagon gyaran gashi. Auta ta iso da hantsi, ta kwaso duk kwalaben man gashin da ke gaban madubi ta jera su a teburin falo. Goma sha ɗaya cif.

Maigidan na zaune yana ɗaura igiyar takalmi, gemunsa baƙi wuluk, ya sauko har ƙirji yana sheƙi.

Auta ta ɗaga kwalba ta karanta ƙananan rubutun da ke bayanta. "Silikon," ta ce, ta jefa a leda. Ta ɗaga wata. "Wannan ma."

"Silikon?" in ji maigidan. "Irin wanda nake toshe bakin baho da shi?"

"Danginsu ɗaya, Yaya. Lulluɓe gashi yake yi. A ido ka ga sheƙi, amma ruwa ba ya shiga. In ya taru sai an sa sabulu mai ƙarfi, shi kuma ya bar gashin kamar soson ƙarfe. Gashi mai murɗi kuwa ruwa ne abincinsa."

Auta ta ci gaba da jefawa a leda, har hannunta ya kai kan wata 'yar kwalba mai jan murfi. Nan ya miƙe, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Haba Auta, a yi adalci mana! Shekara ashirin ina aiki da silikon, bai taɓa cin amanata ba. A bar wa Maman yara ko wannan ƙaramar."

"Ni ba na so," in ji matar. "Ba ta ma da albarka. Sau biyu na shafa, amma duk wata sai in tarar ta ƙare."

Auta ta dubi kwalbar, ta dubi gemun. Ta tsoma yatsu a kofin ruwan da ke gefenta ta watsa masa. Ɗigon ruwan suka gangaro ɗaya bayan ɗaya suka faɗa kan rigarsa, gemu ko laima bai yi ba.

"Baban yara!" Matar ta dafe ƙirji. "Ashe kai ne? Har mai kanti na zarga, na ce rabin kwalba yake sayar mini!"

"Ɗan ɗigo ne fa," ya ce da ƙaramar murya. "Safe da yamma."

Ba su saurare shi ba. Suka zaunar da shi a kujera, suka ɗaura masa tawul a wuya, ya riƙe roba a ƙarƙashin haɓa. Wanki uku Auta ta yi wa gemun kafin kumfa ta yarda ta tashi. Da ya bushe sai ya nannaɗe, ya tattare ya koma can gindin haɓa, bai fi dunƙulen hannu ba.

"Ka ga ainihin gemunka ke nan," in ji Auta. "Wallahi ya fi gashin matarka murɗi."

Matar tana dariya har da hawaye. Shi kuwa ya daɗe gaban madubi yana jan gemun ƙasa, yana saki yana komawa.

A makare ya isa gidan wata tsohuwa da ya shekara goma yana yi mata aiki. Ya ƙwanƙwasa, ta leƙo ta taga.

"Wa kake nema?"

"Ni ne, Iya. Mai famfo."

"Ƙarya kake. Mai famfona gemunsa har ƙirji."

Ya ɗaga jakar kayan aiki, ya faɗi inda bututunta ke yoyo, ya faɗi sunan magenta. Ta ce ai ɓarawo ma yana bincike kafin ya zo. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya kama gemun da hannu biyu ya ja shi har ƙirji, ya tsaya haka a bakin titi, masu wucewa na kallo.

Tsohuwar ta ƙura masa ido ta cikin tabarau, sannan ta zare sakata.

"Shigo, ɗana. Amma in ka gama da famfon, ka wuce asibiti."