Gilashin da Aka Kifa

Ƙarfe goma Farfesa zai sa hannu a takardar sallamar Baba mai kula da kifi. Tara ta gota, Bahaguwa kuwa tana zaune gaban madubin bincike.

Shekara biyu ke nan tana zana taswirar ƙwaƙwalwar wani ɗan kifi mai zane-zane, wanda a kwana biyar bai kai ƙwayar shinkafa ba, jikinsa garau kamar ruwa. Akan kwantar da shi tsakanin gilasai biyu, a kashe fitila, sai ƙwayar jijiya guda ta yi haske kore, ita kuma ta bi reshenta ta ga inda ya dosa. Kifi sittin ta duba, a kowanne hagu reshen ya nufa, har an aika sakamakon ga masana. Da zazzaɓi ya kwantar da ita, Baba ya ɗora guda goma, nasa duk suka yi dama. Farfesa, da ba ya son a ɓata masa kyakkyawan labari, ya ce tsufa ne ya kama Baba, ido ya tafi.

Abin da ya hana ta sakat ɗazu ya faru. Baba ya miƙo mata gilashi, ya tsaya yana kallon hannunta.

"'Yata, kullum haka kike kifa shi?"

"Kifa me, Baba?"

"Gilashin mana. Don lambar ta zo wajen babban yatsanki."

Ta yi dariyar yaƙe, shi kuma ya koma wa tankunansa. Amma maganar ta zauna mata a ƙirji. Tun tana ƙarama komai juya shi take ya dace da hagunta, almakashi, kofi, ludayi, har sunanta na gaskiya ya ɓata a gida. In kuwa ta kifa gilashin, to ta ƙasan cikinsa take kallon kifin, ba ta gadon bayansa ba, kuma a cikin duhun nan kore kawai ake gani. Hagu sai ta koma dama.

Gane gaskiya ba wuya, wuyar a zuciya take. Hantar ɗan kifin nan a hagunsa take. Kunna farar fitila kawai za ta yi. Ta kai hannu ta janye har sau uku. Tsoro take ji ƙwarai, don in ta yi shiru babu mai sani har abada.

Ta kunna. Ga hanta nan ɓaro-ɓaro, a ɓangaren da ta shekara biyu tana kira dama.

Ta iske Baba yana barbaɗa wa kifi abinci, jakarsa a ɗaure kusa da ƙofa, har da tsohon kofin shayinsa.

"Baba, tun yaushe ka lura?"

"Tun shigowarki wurin nan."

"Shi ne ba ka faɗa ba? Har za a sallame ka?"

Ya karkaɗe hannunsa a riga. "Ke ce mai karatu, 'yata. Na ɗauka haka ake yi, ni ne ban iya ba."

Idonta ya ciko. Saura minti shida. Ta ɗauki gilashin, ta fizgi jakar ta maida ita cikin kabad.

"Ina za ki da sauri haka?"

"Wajen Farfesa. Baba, ka ƙarasa ba su abincin, gobe ma kai za ka ba su."