Sarkin Bashkuns da Takalmin Fadl

Ƙarfe ɗaya da rabi na rana ne, cikin watan Agusta, zafin Alƙahira ya kai inda ko kuliyoyin unguwar Darrasa sun shige ƙarƙashin motoci sun yi lamo. A hawa na huɗu na wani tsohon bene, mutum uku suna zagaye da faranti ɗaya na wake da burodi, fanka na ta juya musu iska mai ɗumi.

Babbansu Abdurrahim ne, ɗan Zariya. Shekararsa tara a Masar, yana rubuta kundin digiri na biyu a kan tarihin Andalus da maƙwabtanta, saura wata guda malamai su zauna su titsiye shi a kai. Da sunansa aka kama gidan, shi da Muhammadu, ɗan Maraɗi mai karatun hadisi. Mutum biyu takardar haya ta ce. Na ukun, Fadl, takarda ba ta san da shi ba.

Fadl Bahaushen Sudan ne, dogo, yaƙi ya koro shi daga Omdurman ya shigo ta hamada. Abdurrahim ya gan shi a masallaci bayan la'asar yana waya da Hausa yana share hawaye, ya kamo hannunsa har gida, ya ce, "Nan gidanka ne har ka samu kati." Katin na ofishin 'yan gudun hijira ne, ranar da aka sa masa ya je karɓa kuwa saura kwana goma sha tara. Kafin nan, in aka tare shi a titi ba shi da abin nunawa, ana iya mayar da shi inda ya fito. Shi ya sa ko taga ba ya leƙawa.

Muhammadu ya yagi burodi ya ce, "Dakta, yau kuma wa kake zagi a littafin naka? Tun safe nake jin kana tsaki."

"Wani ne wai shi Lupus," in ji Abdurrahim. "Shi ke mulkin Bashkuns, mutanen duwatsun nan da ke tsakanin Andalus da ƙasar Faranja. Sarki ne a gidansa, amma akwai na sama da shi, Sharlaman, sarkin Faranja. To, wani basarake maƙwabcinsa ya yi wa Faranja tawaye, aka fatattake shi, ya gudo wajen Lupus shi da matarsa. Sharlaman ya aiko, ko ka ba ni mutumin, ko in zo da kaina."

"Sai ya ce masa zo mu gani."

"Ina! Ya miƙa shi. Har da matar."

"Tir! Wannan ko buta ba zan ba shi ajiya ba."

Fadl ya daɗe yana tauna, sannan ya ce a hankali, "Malam, mutum nawa ne a ƙasar tasa?"

"Me ya kawo wannan?"

"Ba komai, ya zol," in ji Fadl, yadda 'yan Sudan ke kiran mutum. "Ni dai na ga garin da masu bindiga suka ce za su zo da kansu. Zuwa suke yi."

"Amana amana ce," in ji Abdurrahim, yana kaɗa yatsa. "Shafi uku na yi a kansa. Malamina ya ce in rage zafi, na ce ba zan rage ba."

Bai sauke yatsan ba aka buga ƙofa, bugu irin na mai wuri. Fadl ya tashi ya shige banɗaki kamar yadda suka saba yi in an zo duba mitar wuta.

Abdurrahim ya buɗe. Hajj Mahir ne, mai benen, da carbi a hannu, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. A bayansa Ammu Isam mai gadin ƙofa, yana haki saboda hawan bene. Ba su kalli Abdurrahim ba. Ƙasa suke kallo.

Masarawan benen kowa da takalminsa yake shiga gida. Su kuwa yadda aka tashe su, ba a taka ɗaki da takalmi, don haka a waje suke jerawa, bakin ƙofa. Ranar da Fadl ya zo shi ma ya tuɓe nasa a nan, ya gyara musu zama, ya yi sallama ya shiga. Sun ɓoye mutum sati biyu, ba wanda ya tuna da takalminsa. Kullum Ammu Isam ya zo goge matakala sai ya ɗaga shi ya goge ƙarƙashinsa ya mayar, wani ƙaton takalmi mai igiya, yashi ya cinye dunduniyarsa, ba ya zuwa ko'ina.

"Kowa ya sa nasa," in ji Hajj Mahir da Larabci.

Muhammadu ya zura silifas ɗinsa. Abdurrahim ya zura nasa. Ƙaton ya rage shi kaɗai.

"Shi ma nawa ne, ya Hajj," in ji Abdurrahim. "Na sanyi ne."

"Tamam. Sa mu gani."

Ya sa. Ƙafarsa ta ɓace a ciki. Hajj Mahir ya ce ya taka zuwa ƙofar maƙwabta ya dawo, ya taka, takalmin na faɗuwa yana jan sa, ƙaf, ƙaf. Matar da ke gidan da ke kallon nasu ta buɗe ƙofa ta tsaya da ludayi a hannu. Ammu Isam ya rufe baki yana dariya.

"Ka yi kyau, ya shaikh," in ji Hajj Mahir. "Mai karatun addini, ga ƙarya da rana tsaka. Saurara. Da takardar hayar nan kake sabunta iƙamarka, izinin zamanka, ko ba haka ba? In na yaga ta, da me za ka zauna a ƙasar nan ka ƙarasa karatun? Ko ka fito mini da mai takalmin, ko in buga waya a zo a fito da ku duka."

Abdurrahim ya tuna shekara tara. Ya tuna tsohuwarsa da ke gaya wa duk wanda ya shigo gidansu cewa bana zai dawo. Ya dubi Muhammadu, Muhammadu na kallon yatsun ƙafarsa.

"Fadl," ya kira. "Fadl, fito."

Fadl ya fito ya tsaya, kansa ya kusa taɓa saman ƙofa. Ya gaida Hajj Mahir da Larabcin da ya fi na kowa a wurin kyau. Ba a amsa ba.

"Ɗan'uwanka ne?"

"A'a, ya Hajj," in ji Abdurrahim da sauri. "Wallahi ban ma san shi sosai ba. A masallaci ya maƙale mini, na rasa yadda zan yi da shi."

Ba wanda ya tambaye shi wannan na ƙarshen. Shi da kansa ya ji ya fito.

Hajj Mahir ya sa ƙafa ya ture takalmin ta tsakanin ƙarafan matakala, ɗaya bayan ɗaya. Suka ji faɗuwarsu can ƙasa. "Bi su," ya ce wa Fadl.

Fadl ya juyo ya yi magana da Hausa, ƙasa-ƙasa. "Malam, ko zuwa la'asar? Rana ta ɗan sauka, titi ya cika da mutane, sai in saje."

Hajj Mahir ya ɗaga gira, yana jiran ya ji me ake ƙullawa da yaren da bai sani ba. Abdurrahim ya ga girar. Ya amsa da Larabci, da ƙarfi, yadda har matar mai ludayi za ta ji.

"Khalas. Yalla." Wato an gama, wuce.

Fadl ya shiga ya ɗauko ledarsa guda, ya sauka matakala ba takalmi. Hajj Mahir ya dafa kafaɗar Abdurrahim ya ce shi dama ya san yaron kirki ne.

Da aka rufe ƙofa, Muhammadu ya kwashe farantin ya kai kicin, ya buɗe famfo ya bar shi yana ta zuba. Abdurrahim ya rasa inda zai sa kansa, ya fita baranda. Titi fayau, sai mai sayar da lemo yana gyangyaɗi a inuwar kekensa. Can sai ga Fadl ya fito daga ƙofar benen, ya tsaya yana duba dama da hagu, bai san wadda zai bi ba.

A gabansa akwai farar jallabiya yashe a ƙasa. Ta Abdurrahim ce, ta zame daga igiyar shanya. Fadl ya ajiye ledarsa, ya ɗauke ta, ya kakkaɓe ƙurar, ya ninke ta biyu ya rataya a ƙarfen ƙofa inda mai gadi zai gani. Sannan ya ɗaga kai sama.

Abdurrahim ya ja da baya, ya shige ciki.