Direban Bas Yana Son Kaciya

Dokta Jalo ya sake duba shekarun mutumin da ke zaune a gabansa, sannan ya ɗago kai. Talatin da uku, ga gemu, ga rigar direbobin bas na unguwar Peckham ta ƙasar Turawa a jikinsa, wai kaciya ya zo a yi masa. A garin su Jalo yaro ɗan shekara bakwai ake kai wa wanzami, a ba shi kaza ya manta. Likitan kuwa mutum ne mai shegen son jin ƙwaƙwaf, don haka ya ajiye biro.

"Malam Mzukisi, ka yi haƙuri da tambaya. Me ya tsayar da kai har yanzu?"

"Gudun hijira," in ji Mzukisi. "Mu 'yan ƙabilar Xhosa sai saurayi ya kusa ashirin ake kai shi daji a yi masa kaciya. Ni kuwa ina sha takwas 'yan sandan Afirka ta Kudu suka fara nemana, na tsallake iyaka. Yanzu an ce mu koma gida."

"To ai abin murna ne."

"Mahaifina ya rasu bara. Za a zauna a kan gidansa, kuma ni ne babba. Amma wanda bai shiga daji ba yaro ne, ko da furfura. Ƙanena zai yi magana, ni a miƙo mini nama a waje tare da masu kiwon awaki."

Jalo ya so ya yi dariya, sai ya ga idon mutumin, tausayi ya kama shi. Ya gyara zama ya ci gaba da tono. A ina ake kwana? A bukkar ciyawa, nesa da mata. Me ake sakawa? Bargo kawai, a shafe jiki da farar ƙasa. In an gama fa? A ƙone bukkar, ka tafi ba ka waiwaya.

"Kaciyar asibiti za ta karɓu a wurinsu?"

Mzukisi ya daɗe yana murza hularsa. "Na yi tunanin in na yi shiru ba wanda zai tambaya."

Likita ya ga tsoro a fuskarsa, ya ɗauka tsoron wuƙa ne. Sai ya kawo maganar da yake kwantar wa kowa hankali da ita.

"Kada ka damu. Allura ɗaya ce, ba za ka ji komai ba."

"Komai?"

"Ko cizon sauro."

Mzukisi ya miƙe a hankali, ya fara saka maɓallan kwat ɗinsa.

"To a yi cancel, likita. A daji, da zarar an yanka, kai za ka ɗaga murya ka faɗi kalma ɗaya, ma'anarta ni namiji ne. In ban ji komai ba, a kan me zan faɗe ta?"

"Akwai haɗari a can, ka sani. Ciwo yakan ruɓe."

"Na sani. Zan zauna da samarin da na kusa haifa, su yi mini dariya. Gara hakan."

Ya kama ƙofa. Jalo dai bai iya haƙura ba.

"Kalmar nan, yaya ake faɗinta da yarenku?"

Mzukisi ya juyo, ya ɗan yi murmushi.

"Ba ni da bakin faɗinta tukuna, likita."