Tsohuwar da Ta Ƙi Fita Daga Jirgi

Ana saura shekara guda Turawa su miƙa mulki, Malam Rabo mai hatsi na Dutsin-Ma ya ɗaura niyyar zuwa Makka ta ƙasa, shi da iyalinsa. A zamanin nan wanda ya kama hanyar gabas ba a sa masa ranar dawowa. Don haka da damina ta fara janyewa ya aika garin Kurfi aka kira masa Ilu, abokin cinikinsa, ya ce ya raka shi ƙauyukan bakin tafki. Yana so ya yi sallama da manoman da suka daɗe suna sayar masa da gero, ya kuma haɗa su da Ilu, wanda zai ci gaba da cinikin.

Ilu mutum ne mara yawan magana, kuma ba ya son ruwa. Amma ya zo.

Da hantsi suka shiga motar kasuwa mai bodin katako, suka zauna a benci tsakanin buhunan gishiri da mata masu ƙoren nono. Gaba da Dabawa kaɗan direba ya sauke su, ya ce bayan la'asar zai biyo ta nan, kuma ba ya jiran kowa. Suka ratsa gonakin dawa har bakin ruwa. Gulbi ya yi ambaliya a shekarar, fadama ta cika ta zama tafki, ba a ganin komai sai kawunan itatuwa da kainuwa. Tukur mai fito ya ɗauke su a kwalekwalensa. Ilu ya zauna a tsakiya, takalmansa a cinya, ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu.

A ƙauye na farko aka shimfiɗa musu tabarma, aka dama fura, kowa ya faɗa wa Rabo abin da zai roƙar masa a Ɗakin Allah. Ƙauye na biyu na masunta ne, suka cika masa jaka da bandar kifi, wani makaho ya shafa fuskarsa ya ce wai don ya gane shi in ya dawo. Ilu dai yana gefe yana duban rumbuna, yana auna amfanin bana a ransa.

Azahar ta wuce suka isa Tudun Giginya, wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Mai unguwar wurin, Mamuda, ya tara mutane a gindin tsamiya. Ana cikin gaisawa wata tsohuwa ta fito daga zaure ta tsaya a bayan maza.

"Malam, da gaske gabas za ka?"

"In Allah ya yarda, Iya."

"Ta Madani za ka bi?"

"Nan ce hanya."

Ta juya ta koma ciki. Mamuda ya gaya musu cewa Kyauta ce, matar marigayi wansa. Ɗanta ɗaya tilo, Abdulƙadir, ya kama wannan hanyar tun yana saurayi, labarinsa na ƙarshe da aka ji shi ne yana tsinkar auduga a garin Madani na ƙasar Sudan.

Aka shafa fatiha, aka rako baƙi bakin ruwa. Sai ga Kyauta zaune a cikin jirgin Tukur, daidai inda Ilu ya zauna ɗazu, da ƙunshin kayanta da buta da 'yar tabarma.

Mamuda ya ce, "Yaya, mene ne haka? Ina za ki?"

"Wurin ɗana."

"Haba Yaya! Maza ma hanyar nan ba duka take dawo da su ba. Fito mu koma gida."

"Na daɗe ina aike, Mamuda. Duk wanda ya wuce sai na ba shi saƙo, ba wanda ya dawo mini da amsa. Yanzu ni zan je."

Mata suka taru suna ba ta baki, wasu na kuka. Wani ya ce a ɗauke ta a fitar, amma ba wanda ya miƙa hannu. Ita kuwa ta kafa ido a kan ruwa kamar ba da ita ake ba. Ilu ya dubi rana, ya ga ta karkata, ya tuna maganar direba. Ya lura kuma ƙunshin nata ba ɗaurin yau ba ne, igiyar har ta ci cikin zanen.

Rabo ya daɗe a tsaye yana shafa gemu. Can ya ce, "Iya, kina iya tafiyar ƙasa? Ba ko'ina ake samun mota ba."

"Ni ke noma gonata."

Ya juya wajen Mamuda ya ce, "Ranka ya daɗe, in kun ba ni amanarta, za ta zauna da maiɗakina Turai. Abin da muka ci shi za ta ci."

Mamuda ya tuɓe bargon da ke kafaɗarsa ya ajiye mata a cikin jirgi. Tukur ya kafa gora ya tura. Ilu ya raɓa a ƙurya kusa da jakar kifi, har suka kai gaci Kyauta ba ta waiwaya ba. Sun tarar da mota ta riga ta tsaya, direba na ta danna ƙaho. Ranar ce ta fara shiga mota, kuma ba ta nuna mamaki ba.

Bayan girbi su Rabo suka tashi. Ilu ya raka su har tashar Katsina, ya koma Kurfi ya ci gaba da sayen gero.

An yi 'yan shekaru kafin wani alhaji mutumin Kutawa ya dawo da labari. Ya ce su Rabo sun isa Madani lafiya, amma sun tarar Abdulƙadir ya rasu tun kafin su baro gida. Ya bar matarsa da 'ya'yansa a wata unguwar Hausawa, can Kyauta ta sauke ƙunshinta ta ce ta iso. Rabo ya yi ta fama da ita su ƙarasa Makka, ta ƙi. Alhajin ya ce ya gan ta da idonsa tana tuyar ƙosai a ƙofar gida, tana yi wa jikokinta faɗa da Hausa suna ba ta amsa da Larabci.

Ranar kasuwa ta gaba Ilu ya shiga mota ya kai wa Mamuda labarin.