Ɓauren Inna

Wata biyu da rasuwar Inna, mai gidan da iyayena ke haya ya ce zai gina ɗaki a inda ɓaurenta yake. Ita ta dasa shi, shekarar da aka haife ni. Na taho daga gidana da shirin rigima, har na tsara maganganun da zan yaɓa wa mai gida, sai na tarar da Baba a kan bishiyar da zarto a hannu.

Sana'ar Baba kyafa nama, shekara talatin ke nan, da gangunan ƙarfe biyu na kyafa nama a bayan gida. Mutum ne da in ya ga bishiya ta yi luf da 'ya'ya, lissafin naman da za ta kyafa yake yi. Mangwaro, gwaiba, lemo, kowanne ya san hayaƙinsa. Duk mai lambun da zai rage rassa ya san Baba zai iso da baro kafin ganyen ya yi yaushi. Itacen da ba ya 'ya'ya kuwa ko kyauta ba ya karɓa, wai warin tsohon takalmi yake sa wa nama.

Na ce, "Baba, bishiyar Inna ce fa."

Ya ce, "Na sani, Auta. Matsa, reshe zai faɗo."

Kwana uku ya yi a kanta. Ya yanka guntu-guntu, ya faskara masu kauri, ya ɓare ɓawon, ya jera a kan bulo, ya ɗora kwanon rufi a sama, ya bar gefe iska ta riƙa ratsawa. Ya yi mini bayani, ban tambaya ba, cewa ɓaure yana da farin ruwa mai ɗaci, sai ya shekara kafin ya kusanci nama. Ni dai abin da na ji shi ne za a ƙone abin da ya rage mini na uwata don baƙi su lashe yatsu.

Na ji haushinsa ƙwarai. Wata huɗu ina kai masa abinci, in ajiye, in gaishe shi a tsaye, in juya. Ko a jikinsa. Duk zuwan da na yi sai in same shi tsugune gaban tulin icen, ya ɗauki guntu biyu ya gwara, ya kasa kunne, ya ce, "Da saura."

Ana tsakiyar damina na zagaya bayan famfo neman tsintsiya. A nan na ga tsohon bokiti, an huhhuda gindinsa, cike da ƙasa. A tsakiya ga guntun ɓaure a tsaye, da ɓawonsa, ya fid da ganye biyar. Baba fa ya taɓa yi wa mijina faɗan rabin awa don ya ajiye ice a ƙasa ya je shan ruwa.

Na kira shi. Ya zo ya tsaya, ya duba kamar yau ya fara gani.

Ya ce, "Faɗowa ya yi."

"Daga kan bulo? Ya zagayo bayan famfo, ya faɗa bokiti a tsaye?"

"Ice yakan yi haka."

"Har da taki a ciki, Baba."

Ya sosa ƙeya. Ya ce guda bakwai ne suka faɗo, shida suka ruɓe, wannan ne mai taurin kai. Sannan ya ɓata fuska irin ta mai sana'ar da aka yi wa ɓarna.

"Ya lalace, ba zai kyafa komai ba. Ɗauke shi daga nan, gidanku da fili."

Na sunkuya na rungumi bokitin. Yana da nauyi, idona kuma ya cika har ba na ganin hanya sosai. Sai da na kai ƙofa ya yi magana, bai ma juyo ba.

"Kar ki cika masa ruwa. Ita Innarki da yamma kawai take ba shi."