Sai Bayan Yaye

"A hankali, Malam! Kanta zai bugi bango!"

Maƙwabciyarmu Bakhita ce ke ihu daga saman bene, Malam Abdulhadi da mai gadin gidan kuma suna ta nishi, suna hawa da Sakina a kan kujerar roba. Hawa biyar ne. A na uku suka ajiye ta su huta. Ta juyo ta hango ni a bayansu riƙe da jakarta.

"Yaya Murja, kin ga sarauniya? Yau ɗauka ta ake yi."

Na kasa ko murmushi. Da safiyar ranar asibiti suka sallame ta, kuma ba don ta warke ba.

Sakina baƙar fata ce 'yar Amurka, daga Filadelfiya. Ta musulunta, ta zo Alƙahira koyon Larabci a 1997, ta auri Malam Abdulhadi, ɗan Zariya, abokin karatun maigidana. Ƙofarsu na kallon tamu a unguwar Hayyin Ashir. A kicin ɗina ta koyi tuƙa tuwo, a nan ta koyi Hausa, tana ɓarin baki muna sheƙa dariya.

'Yarta Humaira na da wata goma sha ɗaya ranar da Sakina ta shigo mini da azahar, ta tura ƙofa ta jingina.

"Yaya, na ji ƙullutu a nonona na hagu."

Ina tsince shinkafa. Ko ɗagowa ban yi sosai ba.

"Haba Maman Humaira! Mai shayarwa? Nono ne ya kwanta."

"Mamata da wannan ciwon ta mutu, tana da arba'in da uku. Ƙanwarta ma haka. A wajenmu baƙaƙen mata yakan zo da wuri, kuma ba ya wasa. Duk wata nakan duba kaina. Wannan sabo ne."

"Ki bar kiran ciwon daji a bakinki. 'Ya'ya biyar na shayar, wane irin ƙullutu ne ban gani ba? Ki gasa da ruwan zafi, in dama miki kunun kanwa. In kika je wajen likitocin nan cewa za su yi ki cire yarinya daga nono. Ga zafi ya shigo, ko tafiya ba ta fara ba. Ki bari sai bayan yaye."

"Yaushe ke nan?"

"Mace ce, sai ta yi wata ashirin da ɗaya. Haka muke yi."

Ta daɗe tana kallo na. Sannan ta sauke numfashi kamar wadda aka ɗauke wa kaya.

"Ke kika sani, Yaya. Ba ni da uwa a nan sai ke."

Ko taɓa wurin ban yi ba.

Wata goma muka ƙirga. Ranar yaye aka kawo mini Humaira da buhun kayanta, tunda babu kaka a kusa. Kwana uku bayan nan Sakina ta shiga bas ta tafi asibiti. Likitar ta duba ta, ta cire tabarau ta tambaye ta ina take duk tsawon wannan lokaci. Aka yanke nonon. Aka yi ta ƙara mata ruwan magani har gashinta ya zube. Shekara ba ta cika ba aka ce ya shiga ƙashi da hanta.

Kuma ba ta taɓa gaya wa kowa wanda ya ce ta jira ba. Har mijinta, in muka haɗu a bene, sai ya rusuna ya ce, "Allah Ya saka da alheri, Yaya." Ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bayan dawo da ita daga asibiti, kwana huɗu ina dafa abinci, in kai bakin ƙofa, in miƙa wa Bakhita in juyo. Bakhita Bahaushiyar Sudan ce da ke hawa na huɗu, ita ke jinyarta, kuma bakinta ba shi da linzami. Rana ta biyar bayan la'asar ta damƙe hannuna tare da kwanon.

"Ke Murja, ƙofar nan cizo take yi? Yalla, maza shiga! Sau uku tana cigiyarki."

Ɗakin na warin magani da turaren wuta. Sakina na kwance kusa da taga, ta ɗaura ɗankwali ja. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Na durƙusa a gaban gadon, kuka ya ƙwace mini.

"Maman Humaira, ni na kashe ki. Don girman Allah ki yafe mini."

"Tashi, Yaya. Rai na Allah ne."

"Ba zan tashi ba sai kin yafe."

Ta juya fuskarta wajen taga. Muna jin mai sayar da tukunyar gas yana buga ƙarfensa a ƙasa.

"Ba zan miki ƙarya ba," ta ce a hankali. "Na yi fushi da ke. Ranar da aka yanke ni, ko sunanki ba na son ji. Amma ni na fi ki sani. Na ga mamata da idona. Tsoro na ji, shi ya sa na zo wajen wadda za ta gaya mini abin da nake so in ji. Kawo hannunki."

Na miƙa. Ta ja shi ƙarƙashin rigarta, ɓangaren dama.

"Ya fito a nan ma. Ba da kan yatsa ba, ki shimfiɗa yatsu uku. Danna. Kin ji?"

Na ji shi. Kamar ƙwallon dabino, da tauri, ba ya gudu daga yatsa.

"Ba ya zafi. Shi ya sa ake raina shi. Matan ɗalibai duk wajenki suke zuwa, Yaya. Duk wadda ta zo da wannan, ko tana shayar da tagwaye, ki ɗauki mayafi ki kai ta asibiti a ranar. Bakhita, ke ma zo ki ji."

"Ni? Nawa sun daɗe da yin ritaya, habibti, ƙawata."

"Zo dai, tsohuwa. Ba ya duba ritaya."

Bakhita ta zo ta taɓa. Sai ta juya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Na ce, "To kin yafe mini?"

Idanunta sun fara lumshewa, maganin ya soma aiki. Ta ɗan murmusa, irin murmushin tsokanarta.

"Kwana huɗu kika guje ni. In na faɗa yau, ba za ki dawo ba. Ki zo gobe da kunun gyaɗa, ki sake tambaya ta."

Washegari Juma'a. Na tashi da wuri na soya gyaɗa, na kai niƙa, na tace sau biyu don kada ko ɗan tsaki ya sarƙe ta. Da hantsi ina juyewa a kwano na ji salatin Bakhita ya cika benen. Na fito da gudu, ludayi a hannuna. Malam Abdulhadi na tsaye a bakin ƙofa, ya dafa bango.

"Ta ce wani abu?" na tambayi Bakhita ina girgiza ta. "Ta ambace ni?"

"Kalmar shahada kawai, Murja. Sai ta tambaya ko Humaira ta karya."

Mu biyu muka yi mata wanka. Bayan an sauko daga masallaci maza suka tafi da ita.

Da yamma gidan ya cika da mata, 'yan Najeriya da 'yan Sudan da wasu Amurkawa biyu daga unguwar Dokki. Na zame na koma ɗakina da Humaira, na zauna a ƙasa na ɗora ta a cinya. Ta fi shekara da yaye, amma da barci ya fara ɗaukar ta sai ta zura hannu ta wuyan rigata tana lalube. Ban cire shi ba. Na zauna haka, ban motsa ba, har barcinta ya yi nauyi, ɗan hannun ya saki.